Yadda ma'aurata za su kauce wa ciwon mafitsara yayin amfani da kwaroron roba

Idan za ki sayi kwaroron roba a kantin magani a Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, ki juya kwalin ki karanta bayansa, domin wasu ana shafa musu sinadarin kashe maniyyi mai suna nonoxynol-9, wanda yake kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kare farji, har ƙwayar cutar nan mai suna E. coli ta samu hanyar shiga mafitsara. Ki zaɓi wanda ba shi da wannan sinadari, amma mai santsi, saboda busasshen roba yana goge fata.

In ana buƙatar ƙarin santsi, a nemi abin ƙara santsi wanda aka yi da ruwa, ba da mai ba (water-based). Man kaɗanya da Vaseline, duk da kusan kowane gida a zango akwai su, suna raunana robar har ta fashe.

Bayan saduwa ki yi fitsari ba tare da jinkiri ba, ki yi tsarki daga gaba zuwa baya, ki kuma yawaita shan ruwa. Idan fitsari ya fara zafi ko yana zuwa kaɗan-kaɗan, ki je asibiti a gwada shi kafin ki sha kowane magani, musamman in kina da juna biyu.