Kurakuran da masu son yin muryar katun ɗin yara suka fi tafkawa

Yawancin mata masu son shiga wannan sana'a da abu ɗaya suke farawa, wato matse maƙogwaro su siranta murya, a ganinsu da zarar ta fito 'yar ƙarama to shikenan an zama yaro. Wannan kuskuren shi yake haifar da sauran. Darakta ba siririyar murya yake nema ba, yaro yake nema, wanda yake jin tsoro ko wanda ya yi ɓarna yana ta ƙoƙarin ɓoyewa. Dan Allah ki zauna ki saurari ɗan shekara 5 in yana ba da labari, za ki ji yana jan numfashi a tsakiyar magana, yana ta "sai kuma... sai kuma...", yana gudu a inda babba zai tsaya, kuma wani ma muryarsa a shaƙe take ba siririya ba. Wannan numfashin da wannan ɗokin su za ki koya. Ki ɗauki layi guda kawai, misali "ba ni ba ne", ki naɗa a waya sau uku, ɗaya da gaske ba shi ba ne, ɗaya shi ne yana ƙarya, ɗaya kuka na shirin ƙwace masa. In duk ukun sun fito iri ɗaya to wasan kwaikwayo ne ya kamata ki fara koya tukunna, kuma wallahi ba abin kunya ba ne.

Sai masu ɗaure kansu a kan muryar 'yan mata kaɗai. Ai tun da daɗewa mata ne ke yin muryar yara maza a katun, dalili kuwa yaro namiji muryarsa tana buɗewa in ya balaga, shiri kuma yana iya shekara goma ana yi. Nancy Cartwright tun 1987 take yin Bart Simpson, yaron da ke cikin katun ɗin The Simpsons na Amurka, kuma da ta je gwaji ma muryar ƙanwarsa Lisa aka kira ta ta gwada, ita ce ta nemi a bar ta ta karanta ta Bart. A Japan Masako Nozawa ce Goku, jarumin katun ɗin Dragon Ball, tun 1986, Nobuyo Oyama kuma ta yi Doraemon, wani muzurun inji mai magana, daga 1979 har 2005. Saboda haka ki gwada yaro namiji, ki gwada tsohuwa, ki gwada kyanwa mai magana.

Amma ki lura da shekarun nan da na lissafa, don a nan ne abin ya fi damuna. Sai ki ga mace ta je gwaji ta ƙirƙiro wata murya mai kankare maƙoshi don ta burge, an ɗauke ta, to yanzu fa ita da wannan muryar an ɗaura kenan, za ta yi ta awa uku ko huɗu a situdiyo, mako bayan mako, da ihu da dariya da kukan faɗowa daga bishiya, kafin a je ko'ina murya ta dishe. Kafin ki kai wa kowa wata murya ki karanta da ita na minti 20 a gida, in kin ji ƙaiƙayi ko zafi ki sauya inda take fitowa, ki tura ta hanci ko gaban baki, ki bar numfashin ya taso daga ciki. Ki motsa muryar a hankali kafin a fara ɗauka, ruwa ya kasance kusa da ke, sannan ki roƙi darakta a bar layukan ihu sai ƙarshe, masu sana'ar haka suke yi kuma ba wanda zai ce kin cika iyayi. In ta dishe kar ki koma yin raɗa, raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi, shiru ne maganin. In dishewar ta haura sati biyu zuwa uku ki ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, don yawan tilasta murya yana sa ƙananan ƙulli su fito a wurin da sautin ke fita.

Samfurin muryar da kike turawa kuma, kar ki cika shi da kwaikwayon taurarin katun da kowa ya sani, waɗancan suna da masu su. Minti ɗaya ya isa, muryoyi kaɗan naki na kanki, wadda kika fi ƙwarewa a kanta ki sa ta a farko don mai saurare ba lallai ya kai ƙarshe ba.

Haka batun kayan aiki, mutane na rugawa su sayi makirufo mai tsada alhali ɗakin amsa kuwwa yake yi. Ɗaki za ki fara gyarawa, labule mai kauri, bargo a bango, ko ki shiga cikin wadrob tsakanin kaya. Ki ba makirufon tazarar kamar taƙi ɗaya, ki ɗan kauce gefe don kada iskar "f" da "b" ta buge shi, in za ki yi ihu ki ja baya. Warwaro da 'yan kunne masu kaɗawa ki cire su, duk yana ɗauka.

Ki kuma tambayi irin aikin tun kafin ranar. A Amurka galibi murya ake fara ɗauka sannan a zana hoton ya bi ta, kinga nan kina da sarari ki yi wasa da layi. In kuwa fassara ce ko irin tsarin Japan da ake ɗora murya a kan hoto, to bakin ɗan katun ne ke ja miki linzami, dole ki fara lokacin da ya buɗe ki tsaya lokacin da ya rufe, kuma wannan atisaye ne daban, ki kashe sautin katun a gida ki riƙa bin bakin.

Na ƙarshe kwantiragi, kuma murnar samun aikin farko ce take sa a sa hannu ba a karanta ba. Ki duba a ina za a yi amfani da muryar, talabijin kaɗai ko har da gem da kayan wasan yara da talla, kuma na tsawon wane lokaci. Yanzu ga batun AI ya shigo, wato fasahar kwamfuta da ke iya kwaikwayon ɗan adam har da muryarsa, yana cikin abubuwan da suka sa ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta shiga yajin aiki a Amurka a 2023. In kin ga wani sashe da ya ba su damar horar da na'ura da muryarki ko su ƙera irinta ba da izininki ba, ki nemi a cire shi ko a rubuta sharaɗi da biyansa daban, kuma ki kai wa lauya ko wadda ta daɗe a harkar ta duba miki kafin ki sa hannu.