Yadda za ki gane ko maganin mantuwa yana yi wa tsohuwarki aiki

Ranar da likita ya rubuta wa Inna donepezil, maganin ciwon mantuwa, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ba ya warkar da ciwon, sassauta shi yake yi na wani lokaci." Maganar ta yi mini ɗaci, amma ita ta hana ni yaudarar kaina.

Kafin tsohuwarki ta haɗiye ƙwaya ko ɗaya, ki samo littafi ki rubuta halin da take ciki. Kada ki rubuta "tana mantuwa" kawai. Ni abin da na rubuta: tana kai sallar azahar raka'a shida, tana kiran jikanta da sunan ƙanenta da ya rasu, tana tambayar ko an ci abinci alhali hannunta bai bushe da wankewa ba. Likita zai yi nasa gwajin, tambayoyi ne masu maki 30 da ake kira MMSE. Ki nemi ya faɗa miki makin, ki rubuta.

Ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, bayan mako huɗu zuwa shida a kai 10. A waɗannan makonni ki fi sa ido kan jikinta. Maganin yana kawo tashin zuciya, gudawa, rashin cin abinci, yana kuma rage bugun zuciya. Na koyi dafa wuyan hannunta ina ƙirgawa minti ɗaya. In ta yi jiri ko ta suma, asibiti kai tsaye. Da munanan mafarkai suka hana Inna barci, likita ya mayar da shan maganin safe.

Bayan wata uku ki buɗe littafin ki kwatanta. In abin bai ƙaru ba, ki ɗauka an samu riba, ko da ba ta dawo yadda kika san ta ba. In kuwa ta rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, ki nemi a duba fitsarinta da zazzaɓi tukuna. Ki kuma raba ta da Piriton, yana ƙara ruɗa tsoho.

Kada ki tsayar da maganin da kanki. In ciwon ya yi nisa, akwai wani magani mai suna memantine da likita kan ƙara. Ki je masa da littafin a jaka.