Darasi na 7: Tanadin tsufa, na maigida da na uwargida

Karanta wannan labari da ƙarfi, sannu a hankali.

A wani gida a Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wani magidanci mai sayen albasa yana lodawa zuwa Yawunde. Uwargidansa tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wata ranar Lahadi ya dawo daga kasuwar Pitowa, sai ya tarar da ita tana ƙirga kuɗi a kan tabarma.

Ya ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Ta ce, "Na adashi ne, Malam. Wannan karon ba kwanuka zan saya ba. Ajiyewa zan yi saboda tsufa."

Ya yi dariya. "Ga ni, ga 'ya'yanki, ga gida, ga shanu biyu. Wane tsufa kike tsoro?"

Ta ce, "Allah ya ja da ranka, Malam. Ka girme ni da shekara goma sha biyar. Shanun da sunan wa suke?"

Ya yi shiru.

Tambayar uwargida tana da nauyi. A ƙasar nan miji yakan girmi matarsa, kuma a yawancin ƙasashen duniya mata sun fi maza tsawon rai. Mace ce ta fi daɗewa cikin tsufa, sau da yawa ita kaɗai bayan ta fita takaba, alhali abin hannunta bai kai na namiji ba.

Maza sukan zuba kuɗinsu a abu babba: fili, shanu, buhunan masara, jarin albasa. Ribar tana da kauri, faɗuwar ma haka. Albasa ta ruɓe a hanya, jari ya tafi a mako guda. Mata kuwa sun fi son abin da suke gani da ido: akuya, kaji, 'yan kunnen zinariya, adashi. Mata sun iya ajiya, wannan ba gardama. Matsalar ita ce ajiyar mace ce ake fara taɓawa. Yaro ya kwanta asibiti, a sayar da akuyar inna. Auren 'ya ya zo, zinariya ta tafi wajen kayan ɗaki. Adashi kuma kuɗinka ne yake dawo maka, ba ya haihuwa. Wanda ya ga shekarar 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, ya san yadda kuɗin da ke ƙarƙashin katifa yake ramewa yana kwance.

Lissafi na farko: tumunin gado

Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, matarsa tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. In matan biyu ne, tumunin nan guda za su raba. A ce bayan biyan bashi dukiyar ta kai sefa 4,000,000.

4,000,000 ÷ 8 = 500,000
500,000 ÷ 2 = 250,000

Idan tsohuwa tana cin sefa 1,000 a rana, kwana 250 kuɗin zai yi mata. Ko wata tara bai cika ba. 'Ya'ya za su taimaka, Allah ya yi musu albarka, amma su ma da nasu bakunan da suke ciyarwa.

Lissafi na biyu: asusun fansho

A Kamaru akwai hukumar CNPS, wadda take biyan fansho ga ma'aikatan kamfanoni irin su SODECOTON, kamfanin auduga. A da sai mai albashi, kuma masu albashi galibinsu maza ne. Tun 2014 an buɗe ƙofa ga mai sana'ar kansa: tela, mahauci, mai ƙuli-ƙuli, kowa yana iya yin rajista da sunansa. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka riƙa biyan kashi 8.4 cikin ɗari.

Wadda ta ce tana samun sefa 60,000 za ta biya 5,040 a wata, wato 168 a rana. Ana fara karɓar fansho a shekara 60, in an yi shekara 20 da rajista kuma an biya na wata 180. Farkon abin da ake bayarwa kashi 30 ne cikin ɗari na abin da ta ce tana samu, a wannan lissafi sefa 18,000 kowane wata. Ba kuɗin sayen mota ba ne, amma ya yi cefane da magani, kuma ba wanda zai kama shi ya kai kasuwa kamar akuya. Lura da shekara ashirin ɗin nan: mai shekara 40 da ta yi rajista bana ita ce za ta karɓa a kan lokaci.

Ga wani abu da yake kayar da mata da yawa. Idan mai fansho ya rasu, matarsa tana da rabo a fanshonsa, amma sai ta nuna takardar aure ta ofishin magajin gari. Ɗaurin auren da aka yi a ƙofar gida da goro da shaidu aure ne a addini, sai dai ma'aikacin ofis takarda yake karantawa. Maigida, wannan aikinka ne, kuma tun kana da ƙafa ake yin sa.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya rubuta abu uku da ya mallaka, ya sa alama a gaban wanda yake da takarda da sunansa. Lambar Orange Money ko MTN Mobile Money da kike ajiya a ciki, da katin shaidar wa aka yi mata rajista? In na ɗanki ne ko na maigida, rubuta haka.

Sannan ku lissafa: sefa 100 kowace rana, nawa ke nan a shekara ɗaya? Nawa a shekara goma?

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: tanadi, fansho, tumuni, rajista, takarda.

Mako mai zuwa kowa ya zo da katin shaidarsa da takardar haihuwa, in akwai. Za mu koyi cika fom da rubuta suna a inda ake sa hannu.