Yadda Ake Mayar da Manhajoji Zuwa Katin Memori Domin Samun Sarari a Waya

Wayar da take da ma'ajiya mai girman 32GB ko 64GB ba ta daɗewa a hannun mai ita kafin ta fara nuna gargaɗin cewa wuri ya cika. Daga nan sai kyamara ta ƙi ɗaukar hoto, saƙonnin murya na WhatsApp su ƙi saukowa, Play Store kuma ya kasa sabunta komai. Dalilin da ya sa abin yake zuwa da wuri shi ne, lambar da aka rubuta a jikin kwalin waya ba duka ce take zama ta mai waya ba, domin tsarin Android da manhajojin da kamfani ya sanya tun daga masana'anta sun riga sun cinye kaso mai yawa kafin ma a kunna ta. Katin memori yana iya sauƙaƙa wannan matsala ƙwarai, amma wajibi ne a san abin da zai iya ɗauka da abin da ba zai iya ba. Mutane da yawa suna sayen kati da niyyar kwashe duk manhajojinsu su zuba a ciki, idan suka ga abin bai yiwu ba sai su ɗauka wayar ce ta lalace.

Tabbatar da cewa wayar tana karɓar kati

Ba kowace waya ce take da gurbin memori ba. Wayoyin iPhone ba su taɓa samunsa ba, haka ma wayoyin Pixel na Google, kuma Samsung ya cire shi daga manyan wayoyinsa na jerin S tun daga Galaxy S21 a shekarar 2021. Amma yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin yake ƙerawa kuma su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu, suna da shi, haka kuma ƙananan wayoyin Samsung na jerin A da Redmi da Nokia. Ku zaro farantin da ake sa layi ku duba. A wasu wayoyin gurbin memori daban yake, a wasu kuma an haɗa shi da gurbin layi na biyu, ta yadda dole mutum ya zaɓi ɗaya: ko layi biyu, ko layi ɗaya da kati.

Zaɓen kati, wanda shi ne tushen aikin duka

A nan ya kamata a fi nutsuwa, domin katin da ya isa ajiye hotuna da waƙoƙi ba lallai ne ya isa ɗaukar manhaja ba. Bidiyo ko karatun da aka ajiye a kati ana karanta shi ne a jere daga farko zuwa ƙarshe, ita kuwa manhaja tana karantawa da rubuta ƙananan bayanai masu yawan gaske a wurare daban-daban cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda haka ne ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin waɗannan katuna ta fito da alama ta musamman, wato A1 da A2, waɗanda ake bugawa a jikin katin. Katin A1 yana iya yin aƙalla ƙananan ayyukan karantawa 1,500 da na rubutawa 500 a daƙiƙa, shi kuwa A2 yana kai wa 4,000 da 2,000. Lamba 10 da ake gani a cikin da'ira, ko U1 da U3, suna magana ne a kan saurin rubuta babban fayil a jere, ba su nuna ko manhaja za ta yi gudu a kan katin. Wanda yake son ɗora manhajoji ya nemi aƙalla A1. Ba dole ba ne a ƙara kuɗi domin A2, saboda ba kowace waya ce take iya cin moriyar ƙarin saurinsa ba.

Game da girma, katin da ya haura 2GB amma bai wuce 32GB ba ana kiransa microSDHC, daga 64GB zuwa sama kuma microSDXC. Ku duba bayanan wayarku domin sanin iyakar girman da take karɓa, musamman idan tsohuwa ce.

Babbar illar da ake fuskanta a kasuwa ita ce katin jabu. Ana ɗaukar ƙaramin kati a sauya bayanan cikinsa, ta yadda waya za ta nuna 128GB alhali ainihin abin da yake iya riƙewa bai kai kusa da haka ba. Irin wannan kati yana aiki lafiya da farko, sai an wuce ainihin girmansa sannan sababbin fayiloli su fara lalacewa ko su taka tsofaffi, kuma sau da yawa mai shi ba ya ganewa sai ranar da ya nemi hotunan biki ko na suna ya tarar ba sa buɗewa. Sunan SanDisk ko Samsung ko Kingston a jikin kati ba hujja ba ce, domin har sunan da kwalin ana kwaikwayo. Idan farashi ya yi arha fiye da kima, to a yi hattara. Hanya mafi tabbaci ita ce a gwada katin a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda take cika shi da bayanai sannan ta karanta su domin ta ga ko duk sun zauna. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma ina ganin bai kamata a ɗora manhaja ko ɗaya a kan katin da ba a gwada ba.

Hanya ta farko: mayar da manhajoji ɗaya bayan ɗaya

Wannan hanya ta samu tun zamanin Android 2.2 a shekarar 2010, kuma ita ce ta fi sauƙi da ƙarancin haɗari, domin ba a goge komai daga katin. Bayan kun sa katin, idan wayar ta tambaya yadda za a yi amfani da shi, ku zaɓi Portable storage, wato katin da za a iya cirewa a sa a wata na'urar.

Ku shiga Settings, ku nemi Apps, wanda a wasu wayoyin ake rubuta shi App management, sannan ku buɗe jerin dukkan manhajoji. Ku taɓa manhajar da kuke son mayarwa, ku shiga Storage. Idan manhajar tana karɓar sauyin wuri, za ku ga maɓallin da aka rubuta Change. Ku danna shi, ku zaɓi katin, sannan ku danna Move, ku jira har aikin ya kammala ba tare da kun kashe waya ko kun taɓa katin ba. Haka za ku bi sauran manhajojin, kuma ya fi kyau a fara da manya, irin su wasanni, domin su ne za su sakar muku wuri mai yawa.

Idan ba ku ga maɓallin Change ba, ba laifinku ba ne. Wanda ya ƙirƙiri manhaja shi yake yanke hukunci ko za ta iya zama a kati, kuma wasu kamfanonin waya sun cire wannan zaɓi gaba ɗaya daga wayoyinsu. Manhajojin da suka zo da waya ba sa motsawa. WhatsApp ma ba ya motsawa, kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba a iya mayar da shi kan kati. Ko a manhajar da ta yarda, ba dukkanta take tafiya ba, wani sashe yana zama a cikin waya, saboda haka wurin da za a samu yakan gaza girman da aka gani a rubuce. Sannan a wayoyi da yawa manhajar takan koma cikin waya duk lokacin da aka sabunta ta, sai a sake mayar da ita.

Akwai manhajojin da ko sun yarda bai kamata a motsa su ba: na banki da na aika kuɗi, na ƙararrawar tashi da na kiran sallah, allon rubutu, da duk wadda take da widget, wato ɗan akwatin da ke nuna bayani kai tsaye a fuskar waya. Waɗannan suna buƙatar tashi da zarar waya ta kunnu, shi kuwa kati yakan ɗauki lokaci kafin waya ta gama karanta shi, kuma idan ya ɗan motsa a gurbinsa za su tsaya cak.

Hanya ta biyu: mayar da katin ya zama ɓangaren ma'ajiyar waya

A shekarar 2015 Android 6.0 ya zo da wani tsari da yake ba waya damar ɗaukar kati a matsayin nata na ciki. Wannan hanya ta fi ta farko ƙarfi, amma tana da sharuɗɗa masu nauyi da ya kamata a fahimta kafin a danna komai. Wayar za ta goge duk abin da ke cikin katin, ta sake tsara shi, ta kuma kulle shi da mabuɗin sirri wanda yake zaune a cikin wayar kaɗai. Daga ranar katin ba zai buɗe a wata waya ko a kwamfuta ba. Idan wayar ta lalace, ko aka kai ta wurin mai gyara ya yi mata filashin, ko aka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ya tafi, kuma abin da ke cikin katin ba ya dawowa. Idan kuma katin ne ya mutu, manhajojin da ke kansa da bayanansu sun tafi tare da shi.

Wanda ya amince da haka, sai ya fara kwafe duk abin da ke cikin katin zuwa kwamfuta ko wani wuri amintacce, ya kuma tabbatar batirin wayar yana da caji sosai. Daga nan a shiga Settings, a shiga Storage, a taɓa sunan katin, a danna ɗigo uku da ke saman fuska, a zaɓi Storage settings, sannan a danna Format as internal a tabbatar. Bayan an gama, wayar za ta gwada saurin katin, kuma idan ta yi gargaɗin cewa ba shi da sauri, to a ɗauki gargaɗin da muhimmanci a fasa, domin ci gaba da shi zai sa wayar ta riƙa nauyi a kowane aiki. Idan babu gargaɗi, za ta tambaya ko a kwashe bayanai zuwa katin yanzu, sai a amince, a jira, sannan a kashe wayar a sake kunnawa. Bayan haka manhajojin da suka yarda za su iya sauka kai tsaye a kan katin, sauran kuma a mayar da su ta maɓallin Change kamar yadda aka bayyana a sama.

Masu Samsung ba za su ga wannan zaɓi ba a yawancin wayoyinsu, domin kamfanin bai sanya shi ba. A ganina wannan hanya ta dace ne kawai da wayar da ma'ajiyarta ta yi ƙanƙanta sosai, kamar 16GB ko 32GB, kuma mai ita yana da kati nagari da ba ya niyyar cirewa. Wanda yake da 64GB ko fiye, hanya ta farko ta ishe shi.

Akwai wani saiti a cikin Developer options mai suna Force allow apps on external, wanda yake tilasta wa manhajojin da suka ƙi motsawa su yarda. Ana buɗe wannan sashe ta hanyar taɓa Build number sau 7 a cikin About phone. Yana aiki a wasu wayoyin, amma manhajar da aka tilasta wa takan riƙa rufewa da kanta ko ta daina aiko sanarwa, saboda haka kada a gwada shi a kan manhajar da ake dogaro da ita.

Inda ainihin wurin yake tafiya

Idan kuka duba Storage da kyau, za ku tarar cewa a yawancin wayoyi ba manhajoji ne suka fi cin wuri ba. Bidiyoyi ne da hotuna da karatuttukan malamai da finafinai da duk abin da ake turowa a zaurukan WhatsApp. Su kuwa waɗannan suna komawa kati ba tare da wata wahala ba, kuma ko katin da ba shi da alamar A1 yana riƙe su lafiya. Da manhajar Files ta Google, ko mai sarrafa fayilolin da ya zo da wayar, ku zaɓi manyan fayiloli ku danna Move to, ku zaɓi katin. A wayoyin da ke da Android 11 zuwa sama, kayan WhatsApp suna cikin jakar Android, a ƙarƙashin media, a jakar com.whatsapp. Ku sani cewa duk bidiyon da kuka kwashe daga can ba zai ƙara buɗewa daga cikin hirar ba, sai dai ku neme shi a katin.

Bayan kwashewa sai a toshe hanyar da kayan suke shigowa. A saitin kyamara ku sauya wurin ajiya ya koma kati. A WhatsApp ku shiga Storage and data ku kashe saukar da bidiyo kai tsaye, wanda zai rage muku cin data ma, sannan ku shiga Manage storage ku goge manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turowa sau da yawa. YouTube da Google Maps da Spotify duk suna da saitin ajiye abin da aka sauke a kan kati. Manhajar da ta ƙi motsawa kuma tana da nauyi, ana iya sauya ta da ƙaramarta, kamar Facebook Lite.

Duk lokacin da kuke son cire katin, ku fara shiga Storage ku danna Eject ko Unmount, ko kuma ku kashe wayar gaba ɗaya, domin zare shi alhali waya tana rubutu a kansa yana lalata fayiloli. Idan katin an mayar da shi na ciki ne kuma kuna son sauya shi da wanda ya fi girma, sai kun fara dawo da manhajoji da bayanai cikin waya, ko kun kwafe fayilolinku zuwa kwamfuta ta kebul yayin da katin yake cikin wayar, sannan ku zaɓi Format as portable kafin ku zaro shi.