Yadda ake gano matsalar allo na biyu idan ya ƙi nuna hoto

Ka jona allo na biyu a kwamfuta, ya tsaya baƙi ƙirin. Kafin ka kwashe shi zuwa wurin mai gyara, fara duba 'yar fitilar da ke ƙasansa. Idan a mace take, wuta ce ba ta shiga, sai ka duba soket da wayar wuta. In kuwa tana ci, ko allon ya rubuto "No Signal" sannan ya ɗauke, to da ransa, hoto ne bai iso gare shi ba.

Daga nan sai maɓallin Input ko Source da ke jikin allon. HDMI da VGA ramuka ne na jona wayar hoto, kuma sau tari wayar tana ramin HDMI, allon kuwa yana zaman jiran hoto ta VGA. Zaɓi ramin da wayar take da kanka.

Waya ita ce ta fi ba mutane wahala, don haka a nan za ka daɗe. Zare ta ta kowane ɓangare, hure ƙurar ramin, ka mayar har ta zauna daram. In VGA ce mai shuɗin kai, haska cikinta da tocila. Idan ɗaya daga 'yan allurorin nan ya lanƙwashe, hoto na iya ɓacewa ko launi ya jirkice. Ka kuma ɗaure sukurorinta biyu. 'Yar na'urar nan da ke mayar da HDMI zuwa VGA hanya ɗaya take aiki, ba a juya ta, kuma da yawa a nan suke asarar kuɗinsu. Haka ramin USB-C na laftof, ba kowanne ke fitar da hoto ba, wani caji da fayil kawai ya iya. A kwamfutar tebur mai katin hoto na daban, wato na'urar da aka ƙara a cikinta don fitar da hoto, jona wayar a ramukan katin da ke can ƙasa, ka bar na sama da ke kusa da ramukan USB.

Har yanzu shiru? Danna maɓallin Windows da P tare, ka zaɓi Extend ko Duplicate, domin in yana kan PC screen only ko kwana za ka yi ba abin da zai fito. Sannan shiga Settings, System, Display, ka danna Detect. Windows da Ctrl da Shift da B kuma in an danna su tare suna sake tayar da direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa fitar da hoto, allo zai ɗan ƙifta. Idan matsalar ta fara ne bayan sabunta manhaja, buɗe Device Manager, ƙarƙashin Display adapters, ka mayar da tsohon direban ta Roll Back Driver.

In duk sun faskara, ari wata waya ka gwada, sannan ka jona allon a wata kwamfutar. Ya nuna a can, laifin na kwamfutarka ne. Ya ƙi ko da sabuwar waya, to shi ne zai je wurin mai gyara.