Yadda Ake Karanta Kundin Shekara na Sakandaren Amurka na Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu

Makarantun sakandaren Amurka suna da wata daɗaɗɗiyar al'ada, wadda a ƙarshen kowace shekarar karatu ɗalibai da kansu, ƙarƙashin kulawar wani malami, suke haɗa kundi mai ɗauke da hotunan 'yan kowane aji da na malamai da ƙungiyoyi da 'yan wasa, a buga shi, kowa ya sayi nasa ya ba abokai su sa masa hannu. Duk mai son sanin yadda matasan ƙasar suka rayu daga 1941 zuwa 1945 zai sami abin da yake nema a irin wannan kundi, muddin ya san cewa don murna da ban kwana aka yi shi, kuma labarin yaƙin yakan ɓuya ne a ƙananan rubutu da a guraben da aka bari babu kowa.

Samun kundin ba shi da wuya. Rumbun Internet Archive yana da su da yawa kyauta, haka ma ɗakunan karatu na jihohi da garuruwa, kuma gidan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ke New Orleans ya sa wasu a shafinsa. Sunan kundin a wurinsu shi ne "yearbook", sai ka haɗa kalmar da sunan gari da shekara. Kada ka tsaya a kundi guda. Ka nemi na makaranta ɗaya na shekaru uku ko huɗu a jere, misali daga 1941 zuwa 1944, domin sai an jera su ne bambanci yake fitowa.

Kafin ka kalli hoto ko guda, ka fara daidaita kwanan wata a ranka. Shekarar karatu a can tana farawa ne a watan Satumba ta ƙare a Mayu ko Yuni, kuma akan kai kundin maɗaba'a tun kafin a rufe makaranta. Saboda haka kundin 1942 ya kasu biyu: an ɗauki hotunan farkon shekara ƙasar tana zaman lafiya, sai Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, aka ƙarasa sauran shafukan cikin yaƙi. Shi kuwa na 1945, galibi an kammala shi ne daidai lokacin da Shugaba Roosevelt ya rasu, ranar 12 ga Afrilu, ko lokacin da Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu, alhali yaƙi da Japan bai ƙare ba sai bayan watanni. Samarin da ke murmushi a shafukansa suna jiran a kira su soja ne. Ka lura kuma da jikin kundin kansa, domin ƙarancin takarda da fim ɗin kyamara ya sa wasu makarantu sun rage shafuka ko sun koma bango mai laushi, wasu ma sun tsallake shekara ba su buga ba.

Daga nan sai ka yi aikin da ya fi kowanne gajiyarwa, ya kuma fi kowanne amfani, wato ƙidaya. Sakandaren Amurka galibi aji huɗu ce, daga na 9 zuwa na 12. Ka ƙirga maza da mata na aji 10 a kundin 1942, sannan ka bi wannan rukuni zuwa kundin 1944 inda suka zama 'yan ajin ƙarshe, ka sake ƙirgawa. Sau da yawa za ka tarar maza sun ragu ƙwarai. Dalili shi ne a watan Nuwamba 1942 an sauko da shekarun ɗibar soja ta tilas zuwa 18, kuma ɗan shekara 17 yana iya shiga sojan ruwa da kansa idan iyayensa sun sa hannu. Ba duk wanda ya ɓace ne ya tafi fagen fama ba, domin masana'antun makamai da na jiragen ruwa suna biyan albashin da ya ja samari da 'yan mata daga aji, har yawan ɗaliban sakandare a ƙasar ya ragu da fiye da miliyan ɗaya a shekarun yaƙin, gwamnati ta shiga yekuwar roƙon yara su koma makaranta. Ka yi irin wannan ƙidaya a shafin malamai, za ka ga malamai maza, musamman na lissafi da kimiyya da motsa jiki, suna raguwa, mata suna cike gurabensu.

Waɗanda suka tafi soja akan ware musu shafi, wani lokaci da hotonsu cikin kaki, wani lokaci jerin sunaye kawai. Nan ne ake bukatar sanin ma'anar taurari. Tutar hidima da ake ratayawa a gidaje da makarantu tana ɗauke da shuɗin tauraro ga kowane mutum da ke aikin soja, idan ya mutu sai a maye shi da tauraro mai ruwan zinariya. Idan kundin baƙi da fari ne, launin ba zai fito ba, sai ka nemi ɗan tauraro ko wata alama kusa da suna, ka duba ƙasan shafi inda aka bayyana ta. A ganina babu shafin da ya kai wannan nauyi, kuma sau da yawa yana maƙwabtaka da shafin liyafar rawa ta 'yan ajin ƙarshe.

Sashen ƙungiyoyi ne yake nuna abin da ɗalibai suka yi da hannunsu. A watan Satumba 1942 Ofishin Ilimi na ƙasa, ƙarƙashin kwamishina John W. Studebaker, ya kafa wata rundunar ɗalibai da ake kira Victory Corps, wadda bayan mambobinta na gama-gari take da sassa biyar: na sama, na ƙasa, na ruwa, na masana'antu da gona, da na hidimar al'umma. Idan ka ga ɗalibai da baje a hannun riga ko 'yar hula suna fareti a filin makaranta, su ne. Ka duba darussan da aka ƙara a wannan lokaci, irin su ilimin jirgin sama, gyaran inji, rediyo, karanta taswira da agajin gaggawa, ka kuma lura da yadda aka tsananta motsa jiki ga samari. Hoton ajin kafinta ma yana da labari: a farkon 1942 rundunar sojan ruwa ta nemi makarantu su sassaƙa ƙananan samfurin jiragen sama na katako guda 500,000, kowanne ya zama kashi 1 cikin 72 na girman jirgin gaske, a shafa musu baƙin fenti, don a koya wa sojoji da masu gadin sama bambanta jirgin gida da na abokan gaba daga inuwarsa kawai. In ka ga baƙaƙen jirage rataye da zare a rufin aji, ba kayan wasa ba ne.

Alƙaluman kuɗi suna bukatar ɗan lissafi kafin su yi ma'ana. Ma'aikatar baitulmali tana sayar da kan sarkin tanadi a makarantu, mafi araha na senti 10, sai na senti 25, ɗalibi ya riƙa manna su a wani ɗan littafi. Idan ya tara dala 18 da senti 75 sai a musanya masa da takardar lamunin yaƙi wadda za ta zama dala 25 bayan shekara goma. Wannan yana nufin kan sarki 75 na senti 25, kuma yaron da ke sayen ɗaya a mako sai ya shafe kimanin shekarar karatu biyu kafin ya cika littafinsa. Saboda haka idan kundi ya ce makarantar ta tara dubban daloli, ka raba kuɗin da yawan ɗaliban da ka ƙirga, kuma idan rabon ya fi ƙarfin aljihun yaro, to ka san an haɗa da lamunin da ɗalibai suka tallata wa iyaye da 'yan kasuwar gari. Makarantar da kashi 90 cikin ɗari na ɗalibanta suke saye a kai a kai tana samun izinin ɗaga wata tuta ta musamman, kuma da yawa sun yi gasar tara kuɗin da ya kai farashin motar jif ta soja.

Hotunan tsibin tsofaffin ƙarafa da tayoyi da jaridu a harabar makaranta ba sa bukatar dogon bayani, haka ma na lambunan kayan miya da na 'yan mata masu saƙa da naɗe bandeji a ƙungiyar Red Cross ta yara. Wanda yakan rikita mai karatu shi ne hoton buhunan raga rataye a shinge a kundin 1945 na makarantun karkara. A kakar 1944 an sa yara tsinko 'ya'yan wani tsiro ɗan dangin tumfafiya, domin Japan ta mamaye tsibirin Java inda ake samo audugar rimi da ake cusa wa rigunan ceton masu faɗawa ruwa, sai aka koma ga audugar wannan tsiro. Shi ma sashen wasanni ka karanta jadawalinsa da kyau, domin tun da aka ƙayyade tayoyi a farkon 1942 da man fetur a duk ƙasar a Disamban wannan shekara, ƙungiyoyi da yawa suka daina tafiya nesa, sai ka ga sun kara da maƙwabciyar makaranta ɗaya sau biyu.

Akwai hoto guda da ya kamata a yi hattara da shi. A tsofaffin kundaye za ka iya ganin ɗalibai sun miƙa hannun dama gaba suna fuskantar tuta, abin da ya yi kama da gaisuwar 'yan Nazi. Tsohuwar gaisuwar tutar Amurka ce tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma saboda wannan kamanni ne majalisar dokoki ta canza ta a Disamba 1942 zuwa ɗora hannu a ƙirji.

Sai kuma ka tambayi kundin abin da bai faɗa ba. Idan makarantar tana Kalifoniya ko Oregon ko jihar Washington, ka nemi sunaye irin na Japanawa a kundin 1941, ka sake nemansu a na 1943. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, wanda a ƙarƙashinsa aka kwashe kimanin mutum 120,000 masu asalin Japan, akasarinsu 'yan ƙasa, zuwa sansanoni goma, kuma kundaye da yawa ba su ce uffan a kan tafiyar abokan ajinsu ba. Yaran sun ci gaba da karatu a sansanoni irin su Manzanar da Heart Mountain da Topaz, inda su ma suka buga nasu kundaye masu hotunan 'yan wasa da shugabannin aji, waɗanda ya dace ka buɗe gefe da gefe da na makarantun da aka raba su da su. Idan kuma makarantar tana jihohin kudu ka ga fararen fuskoki zalla, ka tuna cewa doka ce ta ware makarantun baƙar fata har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 1954, don haka sai ka nemi kundin ɗaya makarantar ta garin, idan har ta sami kuɗin bugawa.

Shafukan baya na tallace-tallace da na sa hannu su ne na ƙarshe da za ka duba. Kwafin da aka sa a intanet sau da yawa mallakin wani ɗalibi ne, saboda haka rubutun abokansa yana nan da biro a gefen hotuna. Ka ɗauki sunan saurayin da ya rubuta cewa zai tafi sojan ruwa bayan hutu, ka buɗe kundin shekarar da ta biyo baya, ka neme shi a shafin taurari.