Yadda Ake Gano Dalilin Da Ya Sa Mota Ta Daina Ja

Mota ta rage ƙarfi, sai ka ji an ce a sayo fulogi. An sa, ba ta canza ba, sai a ce ai famfon mai ne. Daga nan kuma sai maganar sauke inji a yi ringi. Haka yawancin yaran gareji ke aiki, canje-canje har a dace, aljihun mai mota yana shan wuya. Dokata ita ce ba a sayen komai sai an gwada.

Fara da tabbatar da cewa laifin na inji ne. Hau titi, sa giya ta uku, taka totur. In inji ya ɗau ƙara amma motar ba ta ƙara gudu ba, kulochi ne ya cinye. Da ka tsaya, kusantar da hannu ga kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ne ya riƙe.

Sai filtar iska. Ɗaga ta wajen rana, in haske bai ratsa ba, jefar da ita. Da hunturu ƙura kan toshe ta tun kafin lokacin sabis ya yi. Hura ta da iskar mai faci dabarar kwana biyu ce, wani lokaci ma yaga takardar take yi.

Yanzu jona kwamfutar gwajin mota, wadda ke nuna lambar laifin da inji ke da shi. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jonawa a ƙarƙashin sitiyari. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu ba ta ƙona mai daidai. Kada ka ruga kasuwa. Musanya koyil ɗin wannan silindar, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na maƙwabciyarta, ka sake karantawa. In lambar ta bi koyil, ka kama ɓarawo, in ta tsaya inda take, duba fulogi da nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji. P0171 kuwa iska ce ta yi yawa, mai ya yi kaɗan: nemi tiyon da ya tsage, sannan ka auna ƙarfin famfo da geji. A yawancin motoci masu nozul bai kamata ya yi ƙasa da 3 sosai a ma'aunin bar na gejin ba, kuma a auna ana taka totur, domin famfo mai rauni yakan nuna lafiya in inji na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba. Masu yawo da tanki a ƙasa su ke kashe famfonsu, tunda man da ke ciki shi ke sanyaya shi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne katalis, wato tukunyar nan da ke jikin salansa. Inji yana shaƙa yana fitarwa, in hanyar fita ta toshe, ko sabon famfo ka sa ba zai ja ba. Alamarta: mota ta tashi lafiya da safe, a cikin gari ba laifi, amma da ta yi zafi ko ta tunkari tudu sai ta shaƙe, ka danna totur har ƙasa ta ƙi wuce kilomita 60 ko 80 a awa. Sau da yawa kwamfuta ba ta cewa komai. Gwajin kyauta ne. Bari inji ya huce, kwance sensar hayaƙi da ke gaban katalis, ka bar ramin a buɗe, ka ɗan zaga kaɗan. Za ta yi ƙara, wutar gargaɗi za ta kama, ba komai. In ƙarfi ya dawo, toshewa ce. Amma ka nemo abin da ya toshe ta, domin misin, wato silinda ta ƙi ƙona mai daidai, da aka daɗe ana tafiya da shi ko inji mai shan baƙin mai ne ke narkar da ita, kuma sabuwar ma haka za ta ƙare. Mai mota kuma ya tsaya a kan aikinsa: cikin katalis akwai ƙarafa masu tsada da ake saye da kuɗi mai kauri, shi ya sa wasu ke saurin cewa a fasa a zubar. Abin da aka ciro naka ne.

In duk wannan lafiya, duba ko tayamin, wato bel ko sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, ya tsallake haƙori, sannan ka auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakaninsu shi ne zai ba ka hujjar buɗe inji.